Shari'a a Gindin Darbejiya

Shekara ashirin da huɗu a gindin darbejiyar nan,
bakin hanyar da ta bar Shuwarin ta nufi Dutse,
kunnena ne jarina, ba sifana ba.
Babur na tun kwanar makaranta
zan ce maka fulogi ne, ko zobe ya cinye,
ko mai shi ya sha man bunburutu mai ruwa.

Sai ga Ilu da Tanimu ran kasuwa,
sun tsaya a kaina, ban ji zuwansu ba.
Na ɗago, inuwa biyu, taya huɗu,
ko tari babu, balle hayaƙi.
Wai in raba musu gardama:
na wa ya fi?

Na Ilu ja ne, siriri, kamar karen farauta.
Masinja ne a sakatariya,
ƙarfe takwas sai ya sa hannu a littafi.
Ya ce in ya hau kwalta ba ya ganin kowa,
kafin shayi ya huce yana ƙofar ofis,
hula a karkace, riga ba warin fetur.
Tanimu ya tuntsire: Ba shi labarin Laraba,
da wuta ta ɗauke maka a hawan jigawa,
ka turo shi har gida
an riga an sallame isha.

Na Tanimu baƙi ne, mai faɗin baya,
galan huɗu na kindirmo yake kai wa cikin gari
kafin rana ta tsinka shi.
Ba ya gudu. Shi ma bai ce yana yi ba.
Batirinsa zare shi ake kamar tubali,
ya rungumo shi zuwa shagon Barau mai sola,
ya kwana cikin wayoyin jama'a.
Na Ilu kuwa a jikinsa yake,
sai an shigar da babur ɗungurungum,
Barau na tsaki, yana matsar da buhun sukari.

Ilu ya ce: Nauyin fa?
Ran da ya kafe maka a yashin rafi
yara nawa suka ciro ka?
Ni raguna uku na sayar.
Kai ina bijimin babanka?

Na durƙusa, na kanga kunne a cikin jan.
Shiru.
Na koma kan baƙin, shirun dai,
irin na rijiyar da guga ya daina zuwa.
Na nemi salansa, na lalubi kafireta,
hannuna ya dawo tas, ba ɗigon baƙin mai.
Sagiru, yaron shagona, ya sunkuyar da kai.
Shi ya san sunan wayoyin nan, ja da shuɗi,
ban san ran da ya koya ba.

Kaji ma ba su saba ba tukuna.
Zakaran Goggo Ladi yana tsakiyar hanya
yana jiran ƙarar da za ta kore shi,
da daddare aka ci shi da tuwo.

Na miƙe, gwiwa ta yi ƙara, ita kaɗai.
Na ce: Ilu, kai lokaci kake ɗauka, ba shi da nauyi.
Tanimu, kai nono, ba ya son gaggawa.
Kowa ya riƙe kiwon da ya karɓe shi.
Suka dubi juna, ba wanda ya gamsu,
don ba gaskiya suka zo nema ba, nasara.

Sun juya ke nan,
sai kunnena ya tsinci wani abu,
siririya, kamar maciji a jinka:
fiiii.
Tayar Ilu ta baya. Ƙayar aduwa.

Na ce Sagiru, jawo kwanon ruwa,
miƙo sholisho da guntun roba.
Na tsoma tif, kumfa ta taso
tana gaya mini inda ciwon yake
da yaren da na iya.
Ƙaya ba ta san lantarki ba.
Naira ɗari uku, Ilu,
kuma ka zauna, sai ya bushe.